Salula da karatun yara a Maraɗi: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mushen lissafi, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ana ta maganar shigar da fasahar zamani cikin koyarwa, to ina so mu ji daga bakin waɗanda suka gwada da hannunsu. Bari in fara. Da aka rufe makarantu saboda korona a Maris 2020, kafin a koma ranar 1 ga Yuni, na buɗe wa ƴan ajin BEPC (jarrabawar ƙarshen kwaleji) rukunin WhatsApp, kuma har yau ban rufe shi ba. Abin da ya karɓu shi ne mafi sauƙi: in rubuta aikin a kaye da baƙin biro, in ɗauki hotonsa a inda haske yake, in bi shi da gajeren saƙon murya, bayani da Faransanci sannan in maimaita da Hausa. Bidiyo kam yara ba sa buɗewa, yana cinye forfe.

Madam, lakwal ɗin ƙauye, yankin Gidan Runji:
Wa alaikumus salam mushe. Ku kuna birni. Ni ajina na zana ne, ƴan CI, wato ajin farko, babu kuran, rezo kuma sai na fita bayan gari na hau tudu. Duk da haka akwai abin da nake mora. Na sayi ƴar rediyo mai cin katin memori, ina cajinta da ƙaramin faifan hasken rana. Da dare nake naɗar sautin haruffa da gaɓoɓi da muryata, da safe in kunna. Yara suna saurare, suna maimaitawa, suna rubutawa a allunansu, ni kuma na samu damar zagayawa layi-layi ina kama hannun wanda ya juya harafi. Da can ina gaban aji ina ta ɗaga murya, na baya ban san abin da suke rubutawa ba. Wannan zagayen shi ne ribar da na samu, ya fi mini rediyon kansa.

Uba, ɗan kasuwa a babbar kasuwa:
Malamai, Allah ya saka muku da alheri, amma ku ji ta ɓangarenmu. Salular da kuke aiko aikin a cikinta tawa ce, da ita nake ciniki. Ina fita da ita tun safe, ba na dawowa sai bayan isha'i. Ɗiyata tana zaune tana jira, in na shigo ta kwafi aikin da fitila, wani lokacin barci ya riga ya ɗauke ta. Yayanta kuwa na saya masa tasa don karatu, sai na tarar TikTok ya fi yawa a ciki. Ba na son lambar ɗiya mace ta shiga rukunin da samari suke, shi ya sa ban saya mata ba. Ku duba mana wannan.

Mushen lissafi:
Alhaji, gaskiya ka faɗa, kuma iyaye da yawa sun gaya mini haka. Yanzu na kulle rukunin, ni kaɗai nake iya rubutu a ciki, lambobin iyaye nake karɓa. Aikin da na aika kuma ba na neman amsarsa washegari, kuma ina rubuta shi a allon aji saboda yaron da gidansu babu babbar waya. Idan ba a yi haka ba, ɗan mai hali ne kawai zai ƙaru.

Ɗaliba, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Sannunku iyayena. Mu a jami'a rabin karatunmu yana cikin PDF. Mutum ɗaya yake sayen forfe ya sauko da littafi, sauran mu karɓa ta Xender, ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Littafin da ba za ka same shi a kanti ba, ga shi a aljihunka. Matsalarmu caji ce. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu a Agusta 2023, har zuwa farkon 2024, karatun mutum ya koma gwargwadon batirinsa. Tun daga nan duk darasin da ya zama dole nake kai shi a buga mini a takarda, ido ma ya huta. Akwai kuma ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa. Wasu suna kwafo amsa kai tsaye, sai wani malaminmu ya koma sa mutum ya miƙe ya yi bayanin abin da ya rubuta da bakinsa. Wanda ya karanta ana gane shi tun a jimlar farko. Madam, ki nemi manhajar Kiwix, tana ajiye Wikipedia a waya a karanta ba rezo.

Malamin Islamiyya, Bagalam:
Ni ma ina da ta cewa. Masu hadda suna amfana ƙwarai da sauraron karatu a waya, musamman wajen tilawa da dare. Sai dai iyaye ku lura da abu guda. Mu nan da ruwayar Warsh muka tashi, yawancin manhajojin waya kuma da Hafs suke buɗewa. Yaro zai biya a allo da safe, ya saurari wata ruwayar da dare, ya dawo yana gauraya su. Duka biyun ingantattu ne, amma a tambayi malaminsa wacce yake biya masa kafin a saka masa a kati. Kuma waya ba ta gyara wa yaro mafitar harafi kamar yadda malami yake yi, dole ya zo ya zauna gaban malami.

Madam:
Na gode ƙanwata. Ƙarshen wata zan shigo Maraɗi karɓar albashi, zan zo da sabon kati ki saka mini. In akwai mai hotunan dabbobi da tsirrai masu sunaye da Hausa, ya taimaka ya haɗa mini da su, ƴan ajina suna son su sosai.