Me ya sa ake barin ilimin guba sai ƙarshen famakoloji?

Ɗan_aji_huɗu:
Salam manyanmu likitoci. Abin nan na damuna wallahi. Toksikoloji, wato ilimin guba, fa lakca uku kacal aka yi mana, ita ma a ƙarshen famakoloji, wato ilimin magunguna, ana saura sati biyu jarabawa, muka haddace guba kaza makarinta kaza kamar karatun allo, shi ke nan. Jiya da dare a imajansi aka kawo wani manomi da ya yi feshin maganin ƙwari, miyau na dalala, zufa sharkaf, ƙwayar idonsa ta tsuke, ni dai ina tsaye ban gane komai ba sai da na ji ana a kawo atirofin, makarin irin wannan gubar. Ba zai fi ba a riƙa cusa shi cikin sauran kwasa-kwasai tun daga aji biyu? Ko ni ne ban yi karatu ba?

Likitan_ƙauye:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi karatu, ba a ƙulla maka shi ba ne kawai. Wannan manomin ai fisiyolojin aji biyu ne, wato ilimin yadda jiki ke aiki, maganin ya toshe inzayim ɗin, wato sinadarin da ke wargaza asetilkolin mai isar da saƙon jijiyoyi, sai asetilkolin ɗin ya taru, duk alamun da ka lissafa daga nan suke. Da ranar da ake koyar da jijiyoyin malamin ya ce ga abin da fiya-fiya ke yi, har abada ba za ka manta ba. Haka dalma, a bayokemistiri, ilimin sinadaran jiki, mun sha wahalar haddace matakan haɗa sinadarin jini, ba wanda ya ce mana nan ne dalma ke kawo cikas. Sai ga 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gida, da farko ma yaro na jijjiga sai tunani ya tafi kan maleriya ko sanƙarau. 2015 aka sake a Shikira, jihar Neja.

Tsohon_malami:
Na yarda da ku amma a bi a hankali. Na shekara ina koyarwa, abin da aka ce na kowa ne ƙarshe ba mai shi. Mai fisiyoloji zai ce ai mai famakoloji zai yi, shi kuma ya ce na fatoloji ne, wato ilimin cututtuka, ɗalibi kuwa kun san halinku, abin da ba ya fitowa a jarabawa ba kwa buɗe shi. Sai an naɗa mutum ɗaya yana bin sawu, kuma a sa tambayoyinsa a kowace jarabawa.

Nas_ɗin_yara:
Ku ƙara da kananzir don Allah. Yaro ya sha daga gorar ruwa, kafin a iso an ɗura masa manja an sa shi amai, alhali aman ne ke kai kananzir ɗin huhu. Sabon likita da yawa sai mu ne ke tuna masa. Sannan saran kububuwa, je ka asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ka gani, gwajin daskarewar jini na minti 20 a kwalba ai a darasin jini ya kamata a nuna shi.

Ɗan_aji_huɗu:
Na gode ƙwarai. Malam to mu ɗalibai ta ina za mu kai maganar, ta ƙungiyarmu ko kai tsaye wurin shugaban sashe?