Kayan aiki ga mata masu turara shinkafa: ina neman shawararku

Ummi 'Yar Kura ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗaliba ce, ina shekara ta biyu a karatun zanen tufafi da ɗinki a cikin birnin Kano, amma gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Kura da Garun Malam. An ce kowa ya zaɓi abin da zai yi aikin kammala karatu a kansa. Yawancin 'yan ajinmu kayan amare suka ɗauka, wasu abaya. Ni na ce kayan aiki zan yi, na matan garinmu.

Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso yankinmu, noman rani ya zama shi ne abincin kowa. Maza na gona, mata na turara shinkafa. Innarmu tun ina goye take wannan sana'a. A jiƙa shanshera ta kwana, da asuba a hura wuta ƙarƙashin rabin duro, a turara, a kwashe da zafinta a baza a tampol, a yi ta motsawa har ta bushe. Aikin wuta ne da tururi da ɗaukar nauyi. Amma abin da take sawa shi ne tsohon zanin atamfa da ya koɗe, da rigar da ta gaji da zuwa biki, sai gyale ta ci ɗamara da shi. Yayana mai gyaran injin ban ruwa yana da rigarsa ta kaki haɗe da wando, aljihu shida, har da wurin soka sifana. Maƙerin garinmu yana da warkinsa na fata. Manomi yana da 'yar shara da malafa. Na duba, na sake dubawa, ban ga tufa ɗaya da aka yanka aka ɗinka wa mace saboda aiki ba. Duk ragowar kayan kwalliya ne.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne bara da azumi. An aiki 'yar ƙanin babanmu markaɗe, na raka ta. Ta sunkuya za ta ɗauki robarta, sai bel ɗin injin ya kama gefen hijabinta. Ina tsaye a bayanta. Kafin in buɗe baki ya fizge ta, goshinta saura kaɗan ya daki ƙarfe. Allah ya sa wuyan hijabin ya saki, ya fice ta kanta, mai injin ya kashe. Da muka zaro hijabin ya murɗe kamar igiyar guga. Har yau akwai tabo a gefen wuyanta inda ɗinkin ya goge ta.

To sai na zana riga haɗe da wando irin ta Yaya, na ƙara mata faɗi sosai, na sa roba a bakin hannu, na yi ƙaramin hijabi da ake cusa shi cikin wuyan rigar. Malamarmu ta yaba. Na ɗinka guda da yadin kaki na kawo wa Inna. Ta juya ta gaba da baya, ta ce ɗinki ya yi kyau, Allah ya yi albarka, sannan ta ninke ta miƙo mini: "Ki kai wa Yayanki. Ni ba zan fito tsakar gida da kayan maza ba." Sati uku na yi a kan rigar nan, kuma abin ya yi mini ciwo.

Don Allah ku ba ni shawara. Wandon ne matsalar? Ko dai matanmu ba sa bukatar abin da nake gani suna bukata?

Maman Sadiya ta amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara tsare yarinyar nan. Ni ma sana'ar Innarki nake yi, a wajen Bunkure, shekara goma sha bakwai ke nan. Kar ranki ya ɓaci, amma ko da ba a ce kayan maza ba ne, rigar nan taki ba za ta sawu ba.

Yayanki ba ya goyo. Mu rabinmu da yaro a baya muke aikin nan. In ya yi kuka sai a kwance majanyi, a juyo da shi, a ɗaga riga a ba shi nono, a mayar, wuta na ci. Da rigar da ta haɗe tun daga wuya har idon sawu yaya za a yi? Sannan in mace za ta kewaya sai ta tuɓe duka ke nan, ga bayin ƙauye da kika sani, zana ce kawai ta kare. Ga kaki da zafi, ga tururi.

Bukata kuwa muna da ita, kar ki ji wai. Babbar damuwata zani ya kwance ina tsaka da ɗaga kwano cike da shinkafa mai zafi. Hannu biyu duk a kame, sai dai in matse shi da gwiwar hannu in yi ta sauri. Sau biyu ina zubar da shinkafa a ƙafata saboda haka. Na biyu kuɗi: a haɓar zani muke ƙullewa, su jiƙe da gumi da ruwa, takardar ɗari biyar ta yi laushi har mai shago ya ƙi karɓa. Wayata ta farko a cikin riga nake cusa ta, gumi ne ya kashe ta.

Hijabin nan mai santsi na yadin roba kuma, ki rubuta shi da babban baƙi a littafinki. Tartsatsi ya taɓa faɗa wa nawa, bai ci da wuta kamar atamfa ba, narkewa ya yi ya manne mini a dantse. Tun daga ranar ba na zuwa gaban murhu sai da auduga.

Shawarata, ki ajiye fensir ki je ki wuni biyu a gindin duron Innarki kina aikin da hannunki. Duk inda ta kai hannu ta gyara zani ko ta ture gyale, ki lura da wurin.

Abu Hanifa ya amsa:

Malama Ummi, niyyarki mai kyau ce, amma mahaifiyarki ta fi ki gaskiya. Ya tabbata a cikin Bukhari daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. A kula kar karatun boko ya sa a mayar mana da iyayenmu mata kamar leburorin kamfani. Maganin haɗarin inji shi ne masu inji su rufe bel ɗinsu.

Malama Binta Islamiyya ta amsa:

Malam Abu Hanifa, hadisin ingantacce ne, babu mai ja. Maganar rufe bel ma daidai ce, ya kamata masu unguwanni su matsa wa masu inji a kai. Sai dai malamai sun yi bayani cewa abin da ake kira tufar maza ko ta mata yana bin al'adar wuri, matuƙar an suturce jiki. A Pakistan mata wando suke sawa ƙarƙashin doguwar riga, shi ne shigar mutuncinsu. A Yaman da Indunusiya maza suna ɗaura zani. Alhazanmu maza ma da zani da mayafi suke harami. Rigar Ummi ta zama ta maza ne saboda a garinsu kowa ya san ta a jikin makanike, ba don tana da ƙafa biyu ba. Ɗalibaina da yawa suna sa wando a ƙarƙashin zani in za su hau babur, kuma hakan ya fi sutura nesa ba kusa ba. Ummi, ki fara daga shigar da Inna ta yarda da ita, ki gyara ta.

Baba Tela ya amsa:

'Yata Ummi, shekarata talatin da ɗoriya a kan keke, Butterfly ɗina ma ya girme ki. Bari in gaya miki abin da mata ke roƙona a shago, wanda ba sa faɗa da ƙarfi. Wata ta ce in sa mata aljihu daga cikin siket inda ba a gani. Wata ta ce in ɗinka igiya a bakin zaninta. Wata ta kawo ragowar yadi ta ce in yi mata wandon ciki mai faɗi. Kin ga ashe sun riga ki fara zanen, ɗaya-ɗaya suke yi, ba wanda ya haɗa musu shi wuri guda.

In ni ne ke, kashi biyu zan yi, ba guda ɗaya ba. Zani ya zauna a zaninsa, yadi biyu kamar kullum, wanda ya gani daga nesa ba zai ce komai ba. Amma ki kalmashe bakinsa na sama ki zura mazagi, ta ɗaure daga ciki sannan ta rufa ɗaya shafin a kai. A ƙarƙashin shafin nan ne za ki ɓoye aljihu, mai zurfin da waya za ta nutse, ki yi masa shafi biyu saboda gumi. Riga ta sauko ta rufe ƙugu, ki tsaga gefe kaɗan, ki bar ta a sake ta gaba saboda masu shayarwa. Hammata ita ce ke fara yagewa ga mai ɗaukar kaya a ka, don haka ki sa mata ƙari, ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu irin wanda ake sa wa taguwa. Iyayenmu da suka yanka taguwa haka sun san hannu zai ɗaga.

Kar ki sa zif. Ƙaiƙayi da ƙura za su cika haƙoransa, wata biyu ya mutu, kuma ba kowane ƙauye ke da mai canza shi ba. Roba a bakin hannu ma zafin wuta na kashe ta. Ki tsayar da hannun a ƙasan gwiwa kaɗan, ya ɗan tsuke, don alwala ta yi sauƙi.

Amma babban abokin takararki ba al'ada ba ce, tsohon zani ne, domin shi kyauta ne. Mace ba za ta cire kuɗin turmin atamfa ta yi kayan gaban murhu ba. Sai dai in za ta kawo nata tsohon ki gyara mata a kuɗi kaɗan. Ki yi lissafin nan tun kafin ki taɓa almakashi.

Zainab A. ta amsa:

Ummi, ni ma ɗinki nake karanta, a Zariya. Maganar Baba ta tuna mini tarihin wandon jins da muka yi a aji. Wani tela ne a Amurka, Jacob Davis, ya ga aljihun wandon masu aikin ƙarfi na yawan yagewa, sai ya riƙa buga ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwar aljihun. Shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a 1873. Kamfanin bai fitar da na mata ba sai 1934, bayan shekara 61. Wato can ma an daɗe ana ɗinka wa namiji kayan aiki ana mantawa da mace. Kuma launin jins ɗin nan shuni ne, irin wanda garinku ya yi suna da shi tun zamanin da Buzaye ke zuwa sayen turkuɗin Kura. In kin rina naki da shuni, datti ba zai nuna da wuri ba, kuma a gaban malamanki kina da labarin da ya fito daga gida.

Ummi 'Yar Kura ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana biyar ne saboda na bi maganar Mama, na koma gida na yi aikin da Inna. Ranar farko na ƙirga, daga asuba zuwa azahar sau goma sha ɗaya ta tsaya ta sake ɗaura zani. Gyalenta kuwa ba ta yafa shi ko sau ɗaya ba a gaban wuta, yana rataye a kan danga, sai in an yi sallama ta fizgo shi. Ashe ƙaramin hijabin da na sha wahala a kansa ba a tsakar gida ake bukatarsa ba, a hanyar inji da kan babur ne. Zan ware shi daban: gajere zuwa ƙugu, na auduga, wuyansa da maɓallin da zai ɓalle da kansa in an fizga.

Baba, na ɗauki tsohon zanin Inna na zura masa mazagi, na sa aljihun a ƙarƙashin shafi kamar yadda ka ce. Ban gaya mata komai ba, na ajiye mata a kan gado. Jiya da shi ta wuni. Da yamma na ji tana ce wa maƙwabciyarmu ta kawo nata in yi mata, amma ta ce aljihun ya yi gaba da yawa, in ta sunkuya wayar na dukan cinyarta. Zan matsar da shi gefe. Rigar kakin tana jikin Yaya, ya ce ta ɗan yi masa faɗi.

Malam Abu Hanifa, Baffanmu ya yi wa mai injin magana, ya ce zai sa a yi wa bel ɗin murfi da langa-langa.

Tambaya ɗaya ta rage, Baba. Ranar Asabar zan shiga Kantin Kwari neman yadin rigar. Yaya zan gane auduga zalla a hannu, tunda kowane mai shago zai rantse mini nasa babu roba a ciki?

Baba Tela ya amsa:

Ki tafi da ashana. Ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan zare daga gefen yadin, ki fita waje ki kunna masa. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba zai nannaɗe ya dunƙule ya yi tauri, da wari irin na leda. Ki ƙara rabin yadi a kan awonki, domin auduga tana shiga in an wanke, kuma ki jiƙa shi ya bushe kafin ki yanka.