Na'urar bin kallon likita: wacce ta dace da gwajin manhajar asibiti?

Dakta Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Asibitinmu zai sauya manhajar bayanan marasa lafiya, an sa ni a kwamitin gwaji. Shafin rubuta magani ne ke damuna. Gargaɗin cewa penisilin ba ya karɓar majiyyaci an cusa shi can ƙuryar dama da ƙananan haruffa. So nake in kawo wa masu manhajar hujja cewa likitoci ba sa ganinsa. Wa ya taɓa aiki da na'urar bin kallo, wadda ke nuna inda idon mutum ke sauka a allo?

Injiniya Bello: Wa alaikumus salam, Dakta. In a zaune likita zai yi aikin, nemi wadda ake maƙalawa a ƙasan allo. Tana haska ido da hasken infared, wanda ido ba ya gani, kyamara ta riƙa auna tsakiyar baƙin ido da ƙyallin da ya dawo. Gazepoint GP3 ta Kanada na da sauƙin kuɗi, sau 60 take ɗauka a daƙiƙa, kuma ya ishe ki. Na Tobii, kamfanin Suwidin, sun fi ta, sai dai lasisin manhajar nazarinsu ma kuɗi ne mai zaman kansa. Kada a ruɗe ki da EyeLink mai sau 1000, ta masu binciken karatu da ƙwaƙwalwa ce.

Sani: Ga WebGazer, manhajar bin kallo ta Jami'ar Brown, kyauta ne, kyamarar laftop kawai yake so.

Injiniya Bello: Araha ba ta ado, Sani. Zai gaya maka ko hagu aka kalla ko dama, amma a shafin da layin magani ke manne da layin awo, ba zai bambance su ba.

Sista Maryam: In har da zagayen ɗakin marasa lafiya, sai irin na tabarau, na Pupil Labs da ke Jamus ko Tobii Pro Glasses. Amma Dakta ki kula, kyamarar gabansu na ɗaukar fuskar duk wanda ke kan gado har da kati. Ga dokar kare bayanai ta 2023, ga kwamitin ɗa'a na asibiti. Ni dai ki ƙirƙiri marasa lafiya na bogi a manhajar, a yi gwajin a ofis.

Farfesa Umar: Hadiza, kafin ki kashe kuɗi. Na'urar nan inda ido ya sauka take nunawa, ba abin da ya shiga kai ba. Likita na iya kafe gargaɗin da ido ya danna ya wuce. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike da dama ya nuna likitoci kan tsallake kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin magani. In haka ne matsalarku, ƙara girman rubutu ba zai yi magani ba, yawan gargaɗin ne za a rage. Kuma daɗewar ido a wuri ɗaya kan iya zama ruɗewa, ba fahimta ba. Saboda haka kada ki sa shi magana yana cikin aiki, kallonsa zai canza. Bari ya gama, ki kunna masa bidiyon da ɗigon idonsa ke yawo, ki tambaye shi me ya tsayar da shi a nan. Daga nan ya cike takardar SUS ta auna sauƙin aiki da manhaja, tambayoyi 10 ne, matsakaicin maki 68 cikin 100.

Dakta Hadiza: Allah ya ƙara girma, Farfesa. Likitoci nawa zan tara?

Farfesa Umar: Don kallon bidiyo ɗaya bayan ɗaya, biyar zuwa takwas sun isa, ki haɗa sababbi da tsofaffin hannu. Hoton nan mai ja da kore da ke nuna inda aka fi kallo, wanda shugabanni ke so kuwa, masana gwajin manhaja na Nielsen Norman sun ce sai an samu bayanan mutum 30 masu kyau kafin a yarda da shi.

Dakta Hadiza: Talatin? A asibitinmu? To na haƙura da hoton.

Injiniya Bello: Sannan ki sa labule, hasken rana na rikita na'urar. Tabarau mai gilashi hawa biyu ma yakan ba da wahala wajen saiti.

Sista Maryam: Da kwalli! In ya yi kauri, kyamara na ɗaukarsa baƙin ido ne. Ki sanar da mata tun ana gobe, har da mazan da ke sawa ranar Juma'a.