Gwajin A da B a shafin kasuwanci: wa ya taɓa yi a nan Sakkwato?

Mai kula da shafin wani shagon fata, Shiyar Madunka:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da shafin intanet na wani shagon jakunkuna da takalma na fatar jar akuya. Alhaji mai shagon yana son a cire fom ɗin oda a sa maɓallin WhatsApp, babban ɗansa kuma ya ce fom ya fi kama da kasuwancin manya. Ina so masu saye su raba mana gardamar: rabi su ga wannan, rabi su ga wancan, wato gwajin A da B. Da Google Optimize ake yin irin wannan kyauta, to an rufe shi tun 30 ga Satumba 2023. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana da abin da ya gani.

Mai gina shafuka, Mabera:
Wa'alaikumus salam. Na yi wa wani mai sayar da kayan waya, ban sayi manhajojin gwaji irin su VWO ko Optimizely ba, don kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin shago. 'Yar manhaja na rubuta da ke jefa duk wanda ya shigo cikin A ko B kamar ƙuri'a, ta ajiye alama a burauzarsa, in ya dawo gobe ya tarar da abin da ya gani jiya.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne ƙirga. Google Analytics zai nuna maka wa ya danna, amma da zarar mutum ya faɗa WhatsApp ka daina ganinsa. Dabarar da ta fishe ni: mahaɗin wa.me, wanda ke buɗe hirar WhatsApp, yana karɓar rubutun da aka shirya tun farko. Sai na sa na A ya buɗe da "Salam, ina son wannan kaya", na B kuma "Salam, nawa ne wannan kaya". Yaron shago yana da littafi a gefen wayar, duk cinikin da ya faɗa sai ya duba saƙon farko ya ja layi a ƙarƙashin A ko B. A nan muka ga cewa wanda aka fi dannawa ba shi ne ya fi kawo kuɗi ba. Da yawa sun shigo ne su ji farashi su wuce. Kai ma ka sa a ƙirga cinikin da ya faɗa ta fom da wanda ya faɗa ta WhatsApp.

Mai turaren wuta da humra, Arkilla:
Ɗana, ka tabbata A da B tare suke tafiya a lokaci guda. Wanda ya fara yi mini aiki ya sa hoton kwalba ana saura mako guda Sallah, ya sa hoton kasko da hayaƙi bayan Sallah, sannan ya zo yana cewa kwalba ta yi nasara. Na ce masa ko baƙin allo ka sa a makon Sallah mata za su sayi turare. Haka ƙarshen wata da albashi ya shigo ba ɗaya yake da tsakiyar wata ba.

Malamin lissafi, Runjin Sambo:
Maganar Hajiya gaskiya ce, ni kuma zan ƙara da yawan mutane. Idan mutum 5 cikin 100 ke saye, kana son ka tabbatar sabon maɓalli ya kai su 6, lissafin da aka saba da shi na buƙatar wajen mutum 8,000 a kowane ɓangare. Shagon Madunka nawa ne ke samun haka a wata? Ana yawan ba da labarin Google da ta gwada launin shuɗi iri 41, amma ita tana da miliyoyin masu shiga. Mu namu sai babban sauyi da tasirinsa zai fito fili: a rubuta farashi ko a ɓoye, Hausa ko Turanci, fom ko WhatsApp. Abu ɗaya a lokaci guda. Ka yanke ranar tsayawa tun kafin ka fara, makonni cikakku, kar ka tsaya ranar da wanda Alhaji ke so ya shiga gaba.

Ɗalibar kwamfuta, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:
Yaya, ka duba nauyin shafin ma. Na gwada bidiyo da hoto a shafin ɗinkin yayata, hoto ya wuce gaba. Da na buɗe na bidiyon da ƙaramar waya a Dundaye, sai farin fili kawai yake nunawa, data na tafiya. Mutane ba su ƙi bidiyon ba, ba su ma gan shi ba. Microsoft Clarity kyauta ne, yana nuna inda mutane ke tsayawa da inda suke fita.

Mai kula da shafin shagon fata:
Allah Ya saka da alheri. Malam, shafinmu bai kai wancan adadin ba, don haka zan ba shi mako huɗu cikakku, ba kusa da Sallah ba. Yau zan kai wa yaron shago littafin, in nuna masa yadda zai bambanta odar fom da ta WhatsApp.