Tokunbo ko sabuwa a kwali?

Baban Sadiq, Agege: Salamu alaikum jama'a. Ƙanina zai canja waya ranar Asabar, ya dage sai iPhone tokunbo, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, ni kuma ina kan bakana, gara mutum ya sayi sabuwa dal a kwali ko Tecno ce ko Infinix da ya kwashi kuɗinsa ya sayi wadda bai san hannu nawa ta bi ba.

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam. Yaya ban yarda ba gaskiya. Tokunbo mai kyau kyamararta daban ce, kuma ranar da ka tashi sayarwa kuɗinta ba ya faɗuwa warwas. Abin dai ka san me za ka duba in ka shiga Computer Village, kasuwar wayoyi da ke Ikeja, ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito ka gwada da ta cikin setin, ka duba lafiyar batir in ta yi ƙasa da kashi 80 ka ajiye musu kayansu, sannan lallai a cire iCloud ɗin tsohon mai ita, wato asusunsa na Apple da ke kan wayar, a gabanka, in ba haka ba wallahi ranar da ta kulle babu mai buɗe maka.

Baban Sadiq: To ka ji, duk wannan binciken yaron da bai taɓa riƙe ta ba ne zai yi? A cikin wannan cunkoson ana jan rigarsa?

Maman Ilham, Idi-Araba: Ni abin da ba ku faɗa ba shi ne sabo. Wanda ya shekara da shekaru a Android hannunsa ya saba da maɓallin komawa baya, ya saba da sa memori, iPhone kuwa ba ta da wurin memori sam. Ga WhatsApp, abin da ka adana a Google Drive ba ya sauka a iPhone, sai an bi ta manhajar Move to iOS tun lokacin da ake saita wayar, mutane da yawa sai sun gama saiti suke sani, hirarrakin kwastomomi da lissafin bashi duk sun tsaya a tsohuwar.

Ɗan Mile 12: Hajiya sabo ai na ɗan lokaci ne, kowa da koyo ya iya.

Alhaji mai gwanjo: Ɗana, koyo ba ya ƙara ramin sim. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da wurin sa sim kwata-kwata, eSIM ne kawai, wato sim na cikin waya wanda ba kati ba, sai ka je ofishin layinka an mayar maka. Mu da ke riƙe da layi biyu, na gida da na kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga wutar Legas yadda take, batir 5000mAh na waɗannan sababbin Tecno da Infinix yana kai mutum dare. Kuma Tecno da Infinix da itel duk kamfani ɗaya ne, Transsion na Chaina, kayan gyaransu ko'ina akwai.

Ɗan Mile 12: Alhaji na yarda da maganar sim, amma 13 zuwa ƙasa suna da rami ai. Ni dai in hoton kaya zai riƙa ɗorawa a status, ban janye ba.

Baban Sadiq: Tumatir yake saukewa, aikinsa kiran direbobi tun asuba da duba alat. Zan nuna masa duk abin da kuka rubuta, in ya nace sai ka raka shi Ikeja da kanka ka duba masa.

Ɗan Mile 12: Ba damuwa Yaya, ya same ni bayan azahar.