Wa zai biya tafinta idan kurma ya je asibiti?

Hadiza: Salamu alaikum. Ni dai ina kan bakana: asibiti ne ya kamata ya ɗauki tafintan maganar hannu ya biya shi, ba dangin majinyaci ba. Ƙanwata sanƙarau ne ya kurmantar da ita tun tana shekara 6. Ranar da naƙuda ta kama ta ina Mirya, ɗana mai shekara 12 ne ya tsaya tsakaninta da ungozoma. Abin da ko ni nake jin nauyin faɗa, yaro ne ya faɗa.

Malam Sani: Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Amma mu duba aljihu. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, kuma kowa ya san yadda asibitoci suka sha jiran gwamnati ta mayar musu da kuɗinsu. Inda magani ke yankewa, ina albashin tafinta zai fito? A rubuta mata a takarda mana.

Hadiza: Da Faransanci, Malam? Ba ta taɓa shiga aji ba.

Ibrahim: Baba Malam, a gafarce ni, aikin jinya nake yi. Wanda bai gane safe da dare ne zai sha ƙwaya ba, zai dawo mana ciwo ya yi tsanani, kuɗin ma ya fi. Ga batun sirri: mace ba za ta faɗi ciwon mara a gaban surukinta ba. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, ba alfarma ake roƙo ba.

Mamman: Akwai abin da kuka tsallake. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantar kurame tushenta na Amurka ne, ta sha bamban da wadda kurma ya tashi da ita a ƙauyen Magarya ko Tanut. Tafinta mai takarda zai iya tsayawa yana kallo kawai. Sai an haɗa shi da kurma babba da ya san duka biyun, shi ma a biya shi.

Malam Sani: To ka ga albashi ya zama biyu ke nan. In dai za a koya wa masu jinya biyu ko uku a ba su alawus, na yarda. Sabon ma'aikaci kam, a'a.

Hadiza: Malam, in an ba su hutu ko an yi musu canjin wurin aiki fa? Ƙanwata ta sake samun ciki, wata bakwai yanzu. Wa zan kira ranar?