Neman kalmar Hausa: me za mu kira handloom da khadi?

Jama'a, masu kawo kaya daga Indiya sun fara cika mana shafuka da kalmomi biyu, handloom da khadi, suna liƙa su a jikin gyale da yadi kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma in ba mu raba su ba, duk sunan da muka laƙaba musu zai fito a karkace.

Handloom tufa ce da masaƙi ya zauna ya saƙa da hannu da ƙafa, babu lantarki. Zaren kuwa ba a tambayar inda ya fito, galibi ma na kamfani ne. Khadi ya fi tsauri: sai an kaɗa zaren da hannu, sannan a saƙa da hannu. Shi ne Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya riƙa a matsayin makamin ƙaurace wa yadin Ingila a shekarun 1920, kuma har ƙarshen 2021 dokar tutar Indiya ba ta yarda a ɗinka ta da yadin inji ba.

Wani malami ya kawo "saƙar gargajiya" a matsayin sunan handloom. Malam, Allah ya ƙara basira, amma ban karɓa ba. Matasan masu tsara tufafi a Indiya ba kwafar kakanninsu suke yi ba. Sukan ɗauki dabarar jamdani ta Bengal, wadda ake cusa zaren ado ɗaya bayan ɗaya ana cikin saƙa, sari guda ya ci makonni ko watanni, sai su bar furannin da aka saba su sa layuka da murabba'ai. Ko su je wurin masaƙan Maheshwar da Chanderi a jihar Madhya Pradesh su ba da odar gyale shara-shara da launin da babu tsohuwar da ta taɓa yafawa. Masaƙar ta jiya ce, zanen na bana. In muka ce gargajiya mun rufe rabin labarin.

"Saƙi" ma ba zai yi ba, don a wurinmu sunan wata tufa ce takamaimai, kamar yadda gwado da luru kowanne yake da nasa.

Ni dai na tsaya a kan "saƙar hannu". Hajiyar da ta ce mutane za su zaci saƙar hula da safar jarirai ta faɗi gaskiya, saƙa tana da faɗi a Hausa, har tabarma saƙa ta ake yi. To amma wa zai ji "gyale saƙar hannu" ya tuna kwarashi? Ga kuma ribar da sauran ba su da ita: tana da kishiya a shirye, "saƙar inji". Kuma a nan rigimar take, domin masu inji suna kwaikwayon zanen masaƙa su sayar da araha, abin da ya sa Indiya ta yi doka a 1985 ta keɓe wasu tufafi ga masu saƙar hannu kaɗai, a 2006 kuma ta fito da tambarin shaida da ake manna wa na gaskiyar.

Khadi kuwa Allah ya kawo mana sauƙi. Muna da kaɗi, aikin da iyayenmu mata suke yi da mazari bayan an gurza auduga an shiɓe ta. Sautin ne kawai ya yi kama da na khadi, kada wani ya tashi ya ce daga Hausa suka ara. Amma ma'anar ta faɗa daidai, don haka na ba da "saƙar kaɗi".

Sari a bar shi sari, fina-finan Indiya sun daɗe da koya mana shi. "Zane" ya yi masa kaɗan, tunda ƙyalle ɗaya ne mai yadi shida, wani har tara, da ke zama zane da mayafi a lokaci guda. Inda ake tsoron ya rikice da sarin 'yan kasuwa, a ce "sarin Indiya". Dupatta gyale ne, ba sai an wahala ba.

Saura pallu, wato bakin sarin da ake jefawa a kafaɗa, inda masaƙi ke zuba yawancin adonsa. Na ajiye "bakin yafawa" na wucin gadi. Masu sana'ar, musamman na Kura da Zariya, mai kalmar da ta fi wannan ya kawo.